Manhajar ƴanci: makullin littafin bashinmu ya tsaya a hannunmu



Kwanan baya, bayan mun gama shirinmu na safe a gidan rediyo, wata hajiya mai saida atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta iske mu da ƙaramar kwamfuta ƙunshe cikin ɗankwali. Ɗanta ne ke rubuta mata lissafi a ciki: wanda ya ɗauki turmi kaza, wanda ya biya, wanda ya rage. Wata safiya na'urar ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce birus ne ya kama ta, sai dai a share komi a sake zuba wani Windows. Ta biya jika 5, aka share. Na'ura ta tashi, amma sunayen masu bashi na wata 8 sun tafi. Ta ce mana: "Ƴaƴana, masu amana sun zo sun biya da kansu. Sauran kuwa har yau shiru."

Ba mu ga wautarta ba, don mu ma abin ya taɓa cin mu. Dare ɗaya muka rasa tallace-tallace da sanarwoyin biki da mutane suka riga suka biya, sai da muka bi su gida-gida muna ba da haƙuri. Tun daga nan muka canza hanya, kuma wannan hanyar muke so mu yi maku bayaninta a yau.

Mi ake nufi da manhajar ƴanci?

Kwamfuta ko salula ƙarfe ne da roba kawai. Abin da ke sa su aiki shi ne manhaja, wadda yaranmu ƴan makaranta ke ce ma lojisiyel. Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta layi-layi, kuma wannan rubutu shi ne asalinta. Wasu kamfanoni suna ɓoye rubutun, su saida maka izinin aiki da manhajar kawai. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka da ikon gyarawa, in ka zuba ma maƙwabcinka ka taka doka. Kamar ka kama hayar shago ne, mai gida ya riƙe makulli a aljihunsa.

Mu faɗa ma juna gaskiya: da yawa daga cikin Windows da Word da ake zuba mana a bakin kasuwa na sata ne, an fasa masu kariya, ba su da lasisi. Wanda ya iya fasa su kuwa yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki.

Manhajar ƴanci ita ce wadda rubutunta na asali ke buɗe ga kowa. Labarin ya faro ne a Amurka wajajen 1980. Wani masani mai suna Richard Stallman yana aiki a babbar makarantar kimiyya ta MIT, injin buga takardu na ofishinsu yana yawan cije takarda. Ya nemi rubutun manhajar injin don ya daidaita ta da bukatarsu, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya soma aikin da ya kira GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar kare manhajar ƴanci. Sharuɗɗanta huɗu ne: ka yi aiki da ita yadda ka so, ka duba cikinta ka gyara, ka ba wanda ka so, ka raba gyaran da ka yi don wasu su amfana. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya ce duk wanda ya gyara manhajar ya raba ta, dole ya raba ta tare da rubutunta. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai shekara 21, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, ya sake ta ga jama'a, dubban mutane suka sa hannu har ta zama abin da ta zama.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan magana. A wannan shekara ta 1991 ce ƙungiyar CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mi ya riƙe asusun nan? Ana buɗe akwati a gaban kowa, ana ƙirga kuɗi da babbar murya, kowace mace tana gani da idonta. Kuma ba a ɓoye dabarar ba: ƙauyen da ya so ya ɗauka, har ta ƙetare zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. To, manhajar ƴanci asusu ce da ake ƙirgawa a gaban jama'a. Ko kai ba ka iya karanta rubutun ba, akwai idanu da yawa a kansa, ha'inci yana wuyar ɓuya.

Tana hannunmu ba mu sani ba

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Salularku Tecno, Itel ko Samsung da Android take aiki, Android kuwa a kan Linux aka gina ta. VLC, mai alamar hula mai tsini ruwan lemu, wadda yaran da ke tura fina-finai a bakin tasha ke buɗe komi da ita, ɗalibai ne suka fara ta a wata makaranta a Faransa, aka sake ta ga kowa a 2001. Mu a rediyo da Audacity muke yanka murya muna haɗa talla. Alƙaluman marasa lafiya da gidajen likita na ƙasarmu ke aikawa ma'aikatar kiwon lafiya suna shiga DHIS2 ne, manhajar ƴanci da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. Amma a kula: WhatsApp da Facebook ba sa cikin wannan layi. Ba a biyan kuɗin zuba su, sai dai cikinsu a rufe yake. Kyauta dabam, ƴanci dabam.

Don mi muke tada maganar yanzu?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika ma Windows 10 gyaran tsaro da ya saba aikawa, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin lokaci ta musamman. Windows 11 kuwa tana bukatar na'ura ta zamani, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ake shigo mana da su ba su cika sharuɗɗanta ba. Na'urar da ba ta samun gyaran tsaro kamar shago ne da ƙofarsa ta ɓalle, ba mai gyarawa. Duniya ta ga misali a watan Mayu 2017, lokacin da birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci fiye da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka mai da marasa lafiya gida. Waɗanda ba su zuba gyaran tsaro ba su ne ya ci.

Shin sai mu zubar da na'urorin da ke da lafiya mu sayi sababbi? A'a. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi, irin su Linux Mint da Lubuntu, da ke tafiya lafiya a kan tsohuwar kwamfuta, kuma suna samun gyaran tsaro ba da ko dala ba. Ba talaka kaɗai ya ga amfaninsu ba. Jandarmomin Faransa sun bar Word da Excel tun 2005, daga 2008 kuma suka soma mai da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocin ma'aikatanta kusan dubu 30 kan LibreOffice da Linux. In masu hannu da shuni na lissafin abin da lasisi ke ci masu, ina ga mu?

Ina ribar ɗan kasuwa?

Ta farko, lissafi. LibreOffice na da Writer na rubuta wasiƙa da faktir, da Calc na jera kaya da bashi, kuma suna buɗe takardun Word da Excel da kuke da su. Mai babban kanti ko ɗakin ajiya yana iya sa a zuba masa Dolibarr, wadda ke bin kaya shiga da fita tana fidda faktir. Ba ranar da za a ce lasisinka ya ƙare, littafinka ya kulle.

Ta biyu, kuɗi na tsayawa a gida. Abin da za ka biya ladan aiki ne na yaron unguwarku da ya zuba maka ita ya koya maka. Tun da ba a hana shi duba cikinta ba, yaron na iya zama gwani na gaske a Damagaram ko Tawa, ba sai ya je Yamai ko ƙasar waje ba.

Ta uku, harshe. Masu kishin Fulatanci da Sonrai ba su jira izinin kowa ba, suka fassara Firefox, manhajar shiga intanet, zuwa harsunansu. Ƙofar nan a buɗe take ga Hausa ma, in matasanmu sun tashi.

Ba za mu ɓoye maku wahalarta ba. Makon farko hannu na ɓacewa, don wasu abubuwa ba inda kuka saba suke ba. Akwai injinan buga takardu da ke gardama, akwai kuma manhajojin da ba sa tafiya sai a kan Windows. Birus ba ya yawan kama Linux, amma ba a ce ba ya kamawa sam ba. Kuma ba manhajar da ke hana na'ura faɗuwa ƙasa ko wuta ta ƙone ta.

Abin da muke ba ku shawara

Kafin komi, ku sa a kwafe lissafinku a kile biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, a riƙa sabuntawa kowace Juma'a. Kada ku yarda mai gyara ya share na'ura kafin ya nuna maku ya kwashe takardunku. Ku soma da LibreOffice a kan na'urar da kuke da ita, ku saba. Daga nan ku ce ma mai gyara ya tada maku Linux Mint daga kile ku gwada. Ana iya yin haka ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. In ta yi maku, sai a zuba.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su nemi a shirya ma ƴaƴansu horo, ko na kwana 3 ne. Muna kira ga makarantu su koya ma yara da manhajar da za su iya kai wa gida ba tare da sata ba. Mahukunta kuma, in za a kashe kuɗin talakawa a kan manhaja, a fara tambaya ko akwai ta ƴanci mai yin aikin.

Hajiyarmu dai bashin da ya ɓace bai dawo ba. Amma tsohuwar na'urarta na nan tana aiki da Linux, ɗanta na rubuta lissafi a Calc, ita kuma ta ɗaure kile a bakin zane tare da makullin shago. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.