Fitsarin da ya rage ya fi ƙarin leda

Dangin masu wankin ƙoda ta ciki suna da wata magana da ta ƙi mutuwa: wai a ƙara yawan ledojin ruwan da ake ɗurawa, mara lafiya zai fi daɗewa. Ba laifinsu ba ne. Likitoci ma sun yarda da haka bayan binciken CANUSA na Kanada da Amurka a 1996, wanda ya nuna kamar yawan wanki shi ne tsawon rai.

Awon yawan wankin kansa ba wuya. A tara fitsarin awa 24, a tara ruwan da aka zuƙe daga ciki a ranar, a ɗebi jini, a lissafa yawan sinadarin yuriya da ya fita a mako. Sakamakon shi ake kira Kt/V, kuma a 2006 ƙungiyar masana fannin ta duniya, ISPD, ta ce kada ya gaza 1.7.

To amma lambar nan gauraye ce, aikin leda da na ragowar ƙoda ke cikinta. Da aka sake duba alkaluman CANUSA a 2001, sai ga shi ragowar ƙodar ce ke riƙe da mutane. A 2002 binciken ADEMEX a Meziko ya raba mutum 965 gida biyu, aka ƙara wa kashi ɗaya wanki, bambancin mace-mace bai bayyana ba. Leda ɗan garuwa ce, sau huɗu a yini ya zo ya tafi. Ƙoda kuwa famfo ce, ko ɗigo take yi, dare da rana ne, tana kuma fitar da dattin da tantanin ciki ke wahalar tacewa. Shi ya sa a 2020 ISPD ta koma cewa a dubi mutumin kansa: kumburin ƙafa, hawan jini, cin abinci, barci, ƙarfin fita neman na kai.

Abin takaici, wannan ɗan fitsarin shi muka fi wasa da shi. Ƙafa ta yi ciwo, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, ba mai tambayar takardar likita, a bi da jiƙon da ba a san haɗinsa ba. Fitsari ya ɗauke, sannan a fara sayar da fili don sayen ledojin da daga waje ake shigo da su, hukuma kuma tana kallo.