Gumin Da Ke Zuwa Tare Da Loma

Duk malamin da ya taɓa tsayawa duba ɗalibai a ɗakin cin abinci ranar da aka yi shinkafa da miya mai attarugu ya san abin da zan yi magana a kansa. Kafin a kai rabin kwano za ka ga goshi yana ƙyalli, hanci yana yoyo, wani yana fifita da bangon littafi, wani kuma ya kafa kai a kofin ruwa. Ba wanda ke damuwa, domin kowa ya san mai laifin. Littafin Farawa sura ta 3 ma ya haɗa gumi da abinci, sai dai gumin neman abincin ake nufi a can. Ni kuwa gumin cinsa nake so mu duba a bana, domin akwai irinsa da ba ruwansa da yaji, kuma na ga yadda rashin sanin bambancin ya kusa cutar da wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ranar Kirsimeti, bayan an tashi daga sujada muka taru cin abinci a gidan wani ɗan'uwa. Kun dai san hunturun Katsina a ƙarshen Disamba: iska busasshiya, leɓe yana tsagewa, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Aka kawo wa Baba tuwon shinkafa da miyar taushe wadda aka ɗebar masa tun kafin a zuba yaji, don ya daɗe da barin cinsa. Loma uku ya yi, sai gumi ya keto masa daga tsakiyar kai, ya gangaro ta goshi da kumatu, har wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Wani abokin wasansa ya ce, "Malam, kokawa kuke yi da tuwon nan?" Aka yi dariya. Mama ta ce ai kullum haka yake, ko biredi ya gutsura sai ya nemi tawul. Wata kuma ta rage murya ta ce mata a bincika, kada a ce hannu aka sa masa. Cikinmu duka, wata ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka watse ta je ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, an taɓa auna muku sukari?" Za mu dawo ga amsar da ya ba ta.

Da farko ya kamata mu san yadda gumi ke fitowa. Jikin ɗan Adam yana son zafinsa ya tsaya kusa da digiri 37. A cikin fatarmu akwai ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, amma ba su buɗewa don kansu. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke auna zafin jini, in ya ga ya hau sai ya aika da saƙo ta jijiyoyi, maɓuɓɓugan su saki ruwa, ruwan ya bushe ya tafi da zafi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Ku riƙe wannan da kyau: jijiya ce ke ba da umurni. Tsofaffin ma'aikatan asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda mishan ta SIM ta taɓa riƙewa a nan kusa da mu, sun san haka sarai, domin ɗaya daga cikin alamun tabon kuturta shi ne ba ya yin gumi, saboda cutar ta taɓa jijiyoyin wurin. To, in lalacewar jijiya tana iya hana gumi, ashe tana iya kawo shi a lokacin da ba a bukata.

Mu koma kan yaji, tunda shi muka fi sani. A cikin barkono da attarugu akwai wani sinadari da ake kira kafsaisin. A harshenmu da fatarmu kuma akwai wasu jijiyoyi masu gadi, aikinsu su yi kururuwa in wani abu mai zafin da ya wuce digiri 43 ya taɓa su. Kafsaisin yana zuwa ya taɓa ainihin ƙofar da zafin wuta ke taɓawa, sai jijiyar ta kai rahoto cewa baki yana ƙonewa, alhali ko miyar ta huce ne. Ƙwaƙwalwa ta gaskata, ta buɗe famfo. Wato dai ƙarya barkono yake shara wa jiki, jikin kuma bai taɓa gane shi ba. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma aikin ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Bahaushe da ya ce yaji yana da "zafi" bai yi kuskure ba ke nan, tun kafin a ƙera madubin likita.

Tun a 1912 wani mai harhaɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin ƙarfin yaji. A ma'auninsa attarugu yana kai wa tsakanin 100,000 zuwa 350,000, shi ya sa guda biyu sukan isa tukunya, tattasai kuwa sai a zuba da yawa don launi da ƙamshi. Wani abin mamaki, kaji da sauran tsuntsaye ba su jin wannan zafi ko kaɗan, don ƙofar tasu kafsaisin ba ya buɗe ta. Wanda ya taɓa shanya barkono a tsakar gida ya ga shaida. Shi kansa barkonon baƙo ne a ƙasar Hausa: daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka yaɗa shi bayan tafiyar Kolombus ta 1492. Kafin zuwansa kakanninmu da masoro da citta da kimba suke yaji, kuma masoro da citta su ma wannan ƙofar suke taɓawa, sai dai a hankali.

Wannan gumi na lafiya ne. Yana fitowa a ɓangarori biyu na fuska daidai wa daida, yana zuwa da yaji, yana tafiya in yaji ya tafi. Ruwa ba ya kashe shi sosai, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Kurɓin nono ko madara ya fi kofi uku na ruwa aiki. Haka nan kunu mai zafi da shayi suna sa gumi don zafinsu na gaske ne. Nama ma yana da nasa: jiki yakan ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin irin abincin nan mai gina jiki wajen narkar da shi kawai, alhali na hatsi bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Wanda ya zauna ya tasa tsire da balangu a gaba har ya ga ƙarshensu, in ya ji jikinsa ya ɗau ɗumi, kada ya zargi mai nama. Goro da kofi da giya su ma sukan ƙara wa wasu.

Yanzu ga wanda ba na yaji ba. A gaban kowane kunne, a saman muƙamuƙi, akwai wata tsoka mai yin yawu, ita ce ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Jijiyar da ke ba ta umurni tana tafiya tare da jijiyoyin da ke kula da gumin kunci da gefen goshi. In aka yi wa mutum tiyata a wurin, ko ya sami mummunan rauni, ko ƙurji ya ruɓe a ciki, jijiyoyin sukan tsinke. Da yake Allah ya yi su da ikon tohowa, sai su sake tsirowa, amma wani lokaci sai su ɓata hanya: wadda ya kamata ta koma ga tsokar yawu sai ta je ta haɗe da maɓuɓɓugan gumi na fata. Kamar dai mai gyaran wuta ne ya haɗa waya ba daidai ba, ka danna makunnin fitila sai fanka ta tashi. Daga nan duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta ce a kawo yawu, sai kunci ya kawo gumi. Tsamiya, lemun tsami, ɗanyen mangwaro, duk abin da ke tsinka yawu yana tayar da shi, wani ma ƙamshin abinci ko tunaninsa kawai ya isa. Babbar alamarsa ita ce gefe ɗaya yake fitowa, gefen da aka ji raunin, kuma ba ya farawa nan take sai bayan watanni, shi ya sa mutane da yawa ba su danganta shi da tsohon ciwon.

Wata likita 'yar ƙasar Folan, Lucja Frey, ita ta yi cikakken bayanin wannan a 1923, bayan ta duba wani soja da harsashi ya same shi a muƙamuƙi, wanda gefen fuskarsa ke ja yana gumi duk sa'ad da yake cin abinci. Har yau da sunanta ake kiran ciwon. Ita kanta Bayahudiya ce, kuma tana cikin waɗanda suka hallaka a hannun 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gwajin da likitoci ke yi don tabbatar da ciwon zai ba ɗalibanmu na aji uku dariya, don sun yi irinsa a ɗakin gwaje-gwaje: a shafa aidin a kunci a bari ya bushe, a barbaɗa garin sitaci, a ba mutum abu mai tsami ya tsotsa. Duk inda gumi ya fito sai wurin ya rine ya koma shuɗi mai duhu. Ciwon ba ya kisa. Wahalarsa kunya ce, har wani ya daina cin abinci cikin jama'a. Akwai man shafawa mai rage gumi, akwai kuma allurar Botox da ake yi a fatar wurin, wadda ke tsayar da shi na watanni. Akan ga irinsa ga jariri ma, musamman wanda aka jawo da ƙarfe wajen haihuwa: da an fara ba shi abinci sai gefen kuncinsa ya yi ja, iyaye su ɗauka abincin ne bai karɓe shi ba.

To, Baba bai taɓa yin tiyata ba, kuma guminsa ta ko'ina yake zubowa, kai da fuska da wuya. Amsar da ya ba ma'aikaciyar jinyar ita ce, e, an taɓa gaya masa yana da ciwon sukari, shekaru da dama da suka wuce. Ya sha magani na 'yan watanni, ya ji garau, magani ya ƙare, kuɗi kuma ga na makarantar yara, sai ya bar zancen. Wannan ita ce muguntar ciwon sukari: ba ya ihu. In sukari ya daɗe da yawa a jini yakan ci ƙananan jijiyoyi sannu a hankali, har da waɗanda ke aiki ba da saninmu ba, masu kula da bugun zuciya da narkar da abinci da gumi. A 1973 wani likita a Landan, Peter Watkins, ya bayyana cewa gumin fuska bayan an fara tauna abinci alama ce ta irin wannan lalacewa ga masu ciwon sukari, kuma cuku yana cikin abin da ya fi tayar da shi. Yawanci ga wanda ya daɗe da ciwon ake ganinsa, kuma sau da yawa yana tafe tare da taɓuwar ƙoda. Wani lokaci ma za ka tarar ƙafafun mutum sun bushe ƙamas ba su gumi, suna masa kamar ana tsira allura, sama kuma tana zuba. Saboda haka gumin nan ba shi ne ciwon ba, ɗan aike ne, kuma ya makara a hanya.

Akwai wani gumin da mai ciwon sukari da iyalinsa za su bambanta da wannan, don shi na gaggawa ne. In mutum ya sha maganin sukari ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ainun. Sai gumi mai sanyi ya rufe shi, hannu yana rawa, zuciya tana bugawa, magana tana harɗewa. Wannan ba jiran gobe: in yana iya haɗiya a ba shi sukari a ruwa ko lemun kwalba nan da nan, in ya suma kuwa kada a ɗura masa komai, a nufi asibiti. Haka kuma in ɗalibi ya ci gyaɗa ko kifi ko ƙwai, sai gumi ya zo tare da ƙuraje masu ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, kada wani ya tsaya neman man ja ko jiran shugaban ɗakin kwana ya dawo. A kira malamin da ke aiki, a fita da shi.

Ga wanda abin ke damunsa, shawarata ita ce ya sami ɗan littafi ya yi mako biyu yana rubutawa: me ya ci, a ina gumin ya fito, gefe ɗaya ko biyu, da loma ta fari ya zo ko bayan awa biyu, akwai yawan ƙishirwa da fitsarin dare da rama ko babu. Likita zai fi jin daɗin wannan takarda a kan "ni dai gumi nake yi". Awon sukari ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, da safe kafin a karya, kuma ana yinsa a Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ƙananan asibitoci da yawa. In awon ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, likita zai sa a maimaita don a tabbatar.

Shi Baba, 'ya'yansa suka kai shi a makon farko na Janairu. An sami sukarinsa ya hau sosai, ƙodarsa ma ta fara taɓuwa, amma ba ta kai inda ba a iya riƙe ta ba. Ya koma kan magani, Mama ta rage masa tuwo ta ƙara ganye, an kuma koya masa duba tafin ƙafarsa kowane dare. Gumin bai bar shi gaba ɗaya ba. Har yanzu in za a ci abinci bayan sujada da ɗan tawul ɗinsa yake zuwa, abokin wasan nan nasa kuma shi ne yanzu ke tuna masa ranar komawa asibiti.