Biri Wanda Ba Biri Ba

A ƙasar Japan akwai wani tsohon birni wai shi Kyoto. A nan ne kamfanin Nintendo yake. An kafa shi tun 1889, sa'an nan kuwa karta yake yi. Da zamani ya juya, sai ya koma yin wasannin bidiyo, watau irin wasan nan da mutum yake riƙe 'yar na'ura a hannu yana dannawa, hoton da ke cikin talabijin yana bin umurninsa.

Cikin 1986 suka fito da wani wasa mai suna The Legend of Zelda, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara. Labarin wani yaro ne jarumi, sunansa Link, mai koren tufafi da takobi da garkuwa. Aikinsa shi ne ya ratsa daji da kogon dutse da gidajen ƙarƙashin ƙasa, ya ceci gimbiya Zelda. Wasan ya karɓu ƙwarai, har suka yi ta fito da sababbi, ɗaya bayan ɗaya. A kowanne akwai dodanni iri iri masu tare wa Link hanya. Labarin ɗaya daga cikinsu za mu ba ku yau.

Sunansa Biri. Kada ku yi dariya, gama wannan Birin ba shi da wutsiya, ba ya hawan itace, bai kuma taɓa yi wa kowa ɓarna a gonar gyaɗa ba. In lantarki ya fizgi Bajapane, yakan kwatanta abin da ya ji da cewa "biri-biri". Biri yana da wa, babba, wai shi Bari. Shi kam sunansa ya dace da Hausa, don abin da ya kamata a ce wa mai son taɓa shi ke nan: bari!

Siffarsu kamar ƙoƙon da aka kife, da waɗansu zaruruwa suna reto a ƙarƙashi. Suna yawo a iska sannu sannu, sai ka ce ba ruwansu da kowa. Can sai ka ga jikinsu ya ɗauki ƙyalli, tartsatsin lantarki yana fita. Wanda ya kai musu sara da takobi a wannan lokaci, shi zai sha wuya, domin wutar za ta bi takobin ta kama shi.

An fara ganinsu a wasan 1991. A ciki akwai Bari ja da Bari shuɗi. In ka sare jan, sai ya rabu ya zama Biri biyu, aiki ya ƙaru. Amma inda suka fi ba yara wahala shi ne a wasan 1998, mai suna Ocarina of Time. A nan Link yana shiga cikin wani ƙaton kifi wai shi Jabu-Jabu, don ya fito da gimbiya Ruto. Yana cikin tafiya a tumbin kifin, sai Bari ya faɗo daga sama, in an kashe shi kuma ya fashe ya zama Biri uku. Mai gaggawa ba ya cin wannan wuri. Dabarar ita ce a nemo wani makami da ke ɓoye a cikin kifin, lanƙwasasshen itace mai kama da ƙeren maharba, sai dai shi in an jefa yakan komo hannun mai shi. Da shi ake jifar Biri daga nesa, ba a taɓa shi ba.

To, daga ina masu wasan suka samo wannan siffa? Daga teku suka samo ta. Akwai wata halitta a can wadda Turawa suke kira jelifish. Mu da muke nesa da teku ba mu raɗa mata suna ba, saboda haka bari mu kira ta laimar teku, don da laima ta yi kama. Ita ba kifi ba ce. Ba ta da ƙashi, ba ta da zuciya, ba ta da jini, ba ta da ƙwaƙwalwa. In ka raba jikinta kashi 100, wajen kashi 95 ruwa ne tsantsa. Tana tafiya ne ta wurin tsuke jikinta da sakinsa, amma yawanci inda igiyar ruwa ta kai ta, nan ta nufa.

A nan sai ku lura, don masu wasan sun gauraya gaskiya da ƙage. Laimar teku ba ta yawo a iska, ba ta kuma da lantarki ko kaɗan. Harbi take yi. A jikin zaruruwan nan nata akwai 'yan ƙananan kibau dubbai masu dafi, waɗanda ido ba ya gani. Da abu ya goge su sai su harba. Harbin waɗansu ƙaiƙayi kawai yake sa wa, na waɗansu kamar na kunama, akwai kuma wata iri a tekun arewacin Ostareliya wadda takan kashe mutum. Ko ta mutu kibanta suna harbi. Don haka in Allah ya kai ɗayanku bakin teku, a Legas ko wani wuri, ya ga abu kamar ledar da ta jiƙa a kan rairayi, kada ya sa hannu ko ƙafa. Mai lantarki na gaskiya kuwa yana nan kusa da mu, a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi. Minjirya ke nan. Ku tambayi masunta labarinta.

Haske fa? Wannan gaskiya ne. Waɗansu laimomin teku suna ba da haske da kansu cikin duhu, kamar yadda makesu yake yi da damina. Haske ne mai sanyi, ba ya ƙuna.

Wani masani Bajapane, Osamu Shimomura, ya so ya san asirin wannan haske. Cikin 1961 ya tafi wani gari na bakin teku wai shi Friday Harbor, a arewa maso yammacin Amurka, inda ake samun wata iri mai koren haske a gefen laimarta. Shi da abokan aikinsa suka riƙa kamo su da koma, ɗaya ɗaya, suna yanke gefen da almakashi, suna matse ruwansa. Aka daɗe ba a gane kome ba. Ran nan ya zubar da ragowar ruwan a wurin wanke kwalabe, sai ya ga shuɗin haske ya yi wal. Ashe ruwan teku ne ya gangaro wurin, a cikin ruwan teku kuwa akwai kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai. Ta haka ya gane a jikin laimar akwai abu ɗaya mai ba da shuɗin haske in ya gamu da kalsiyam. Daga baya aka gane akwai na biyu, wanda yake karɓar shuɗin ya mai da shi kore. A shekarar farko sai da suka kama laima wajen 10,000 kafin su sami ɗan abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba.

Shekaru suka wuce ba wanda ya san amfanin koren nan. Sai a 1994 wani masani, Martin Chalfie, ya nuna ana iya sa wata 'yar tsutsa ta riƙa yin wannan sinadari a jikinta, har jijiyoyinta su yi kore in an haska su da shuɗiyar fitila. Roger Tsien kuma ya gyara shi ya sami launuka dabam dabam. Yanzu da shi masu binciken cututtuka suke yi wa ƙwayoyin jiki alama, su zuba ido ta madubin likita su ga inda cuta take bi, abin tana raye. Cikin 2008 aka ba su ukun nan kyautar Nobel, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin.