Dakta Ginjaar da Jujin Lekkerkerk

A cikin shekarar 1980 mutanen wata sabuwar unguwa ta garin Lekkerkerk, kusa da Rotadam a ƙasar Holan, suka gane ashe bisa jujin dafin masana'antu aka gina musu gidaje. Dafin har ya ratsa bututun ruwan shansu. Ministan Lafiya da Tsabtar Muhalli a lokacin shi ne Dakta Leendert Ginjaar, masanin sinadarai, haifaffen Leiden a 1928.

Aka kwashe iyalai wajen 270, aka haƙe ƙasa har ƙarƙashin gidajen, aka tono ganguna fiye da 1,600. Da aka bincika sauran larduna, sai ga irin wannan juji dubbai. Wannan ne ya jawo dokar tsabtace gurɓatacciyar ƙasa ta 1983.

Kafin dokar ta fito Ginjaar ya bar minista, ya shiga Majalisar Dattawa a 1981, daga baya kuma ya koyar a jami'ar Maastricht. Wakilan majalisar 75 ne, majalisun larduna ke zaɓensu. Ba su da ikon gyara doka, sai dai su karɓa ko su ƙi. A ganina kujerar ta dace da wanda ya ga gangunan nan a zamanin mulkinsa. Ya riƙe ta har 2003, shekarar da ya rasu.