Burauza ta Rufe Ƙofa ga Masu Bin Sawu Tun Daga Farko

Ka duba farashin takalmi a wani shafi da safe, da yamma kana karanta labarin ƙwallo sai tallan takalmin nan ya biyo ka. Aikin wani ɗan fayil ne da ake kira kuki, wanda Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙira a 1994 domin shafi ya riƙa gane baƙonsa. Daga baya kamfanonin talla suka dasa nasu a dubban shafuka, suna tara labarin duk inda mutum ya leƙa, har da neman maganin ciwon da yake ɓoye wa iyalinsa.

An gwada lallashi. Tsarin Do Not Track roƙo ne kawai da burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ke aika wa shafi cewa kada ya bi sawun mutum, ya ga dama ya ji, ya ga dama ya yi kunnen uwar shegu. Da Microsoft ya kunna shi kai tsaye a Internet Explorer 10 a 2012, masu talla suka ce ba za su kula ba, kuma a 2019 aka rufe kwamitin ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C da ke kula da shi. Firefox ya fara toshe kukis masu bibiya a Satumba 2019, Safari ya toshe kukis na kamfanonin waje gaba ɗaya a Maris 2020. Chrome kuwa, wanda kusan kashi biyu cikin uku na masu intanet ke amfani da shi, Google ya yi alkawarin toshe su a cikinsa a Janairu 2020, ya yi ta ɗagawa, sannan ya janye a Yuli 2024. Mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake.

Masu adawa suna cewa jaridu da shafukan kyauta da talla suke rayuwa. Gaskiya ne, amma ana iya sa tallan taki a shafin noma ba tare da an san tarihin mai karatu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ƙalilan ne ke taɓa saiti. Wanda ya sayi wayar Android a kasuwar Farm Centre ta Kano, Chrome yana ciki, kuma yadda ya same shi haka zai yi ta amfani da shi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba amincewar mutum muhimmanci, shiru kuwa ba amincewa ba ne. Don haka burauza ta zo a kulle, wanda yake son a bi sawunsa ya buɗe da hannunsa.