'Yan Mishan na Afirka a Titin Old Kent Road

A kudu da Kogin Thames, cikin ƙaramar hukumar Southwark ta birnin Landan, akwai wani titi da ake kira Old Kent Road, wanda tsawonsa bai cika mil 2 ba. Tsohuwar hanya ce ƙwarai da gaske. Rumawa sun bi ta kusan shekara 2,000 da suka wuce, kuma ta nan ne masu ziyarar ibada na zamanin da suke wucewa zuwa Canterbury. Turawan Ingila sun fi sanin titin ta wajen wasan nan na Monopoly, inda shi ne fili mafi araha, fam 60 kacal, domin an daɗe ana ɗaukarsa unguwar talakawa 'yan ƙwadago. Amma a yau abin da ya fito da sunansa shi ne yawan majami'un mutanen Afirka.

A cikin 2013 Jami'ar Roehampton ta buga sakamakon wani bincike da Dokta Andrew Rogers ya jagoranta. An ƙirga majami'u wajen 240 a Southwark waɗanda yawancin masu zuwansu baƙar fata ne, kuma fiye da mutum 20,000 ke halartarsu kowace Lahadi. Fiye da 20 daga cikinsu suna kan Old Kent Road ko a lungunansa. Masu binciken sun ce da wuya a sami wani wuri a wajen nahiyar Afirka inda majami'un 'yan Afirka suka cunkushe haka. Galibin masu shugabancinsu 'yan Nijeriya ne, sai mutanen Gana da Saliyo da Kwango da sauransu. Da yawa daga cikin fastocin nan da iyalansu suna ɗaukar kansu 'yan mishan ne, wato waɗanda aka aiko su yi wa'azi a ƙasar da ba tasu ba.

Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa zai ga yadda al'amari ya juya. A cikin 1893 ne samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara tsakiyar ƙasar Sudan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, sai Bingham kaɗai ya rage ya kafa ƙungiyar SIM. A cikin 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikin 'yan ayarin, Likita Walter Miller, ya zauna Zariya daga 1905, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa, kuma shi ne ya ɗauki babban nauyin fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932. A lokacin Ingila ce mai aikawa, Afirka mai karɓa. To, ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37. Wannan ne ya sa majami'un Afirka ke cewa lokaci ya yi da za a mayar da biki.

Abin bai fara jiya ba. Tun a 1906 wani mutumin Gana, Thomas Brem-Wilson, yake shugabancin wata majami'a wadda aka fi sani da sunan titin Sumner Road a Peckham, kusa da Old Kent Road. A cikin 1964 Adeleke Adejobi ya buɗe reshen cocin Aladura a Landan domin ɗaliban Afirka ta Yamma. Cocin Redeemed, wanda aka kafa a Nijeriya a 1952, ya shigo Birtaniya a 1988, yanzu yana da ɗaruruwan rassa. Matthew Ashimolowo, haifaffen Zariya, cocin Foursquare ne ya aiko shi Landan a 1984, sa'an nan a 1992 ya kafa nasa cocin wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar.

Sai dai manyan sunaye ba su nuna yadda ƙaramin fasto yake zaune. Iri biyu ne. Akwai wanda hedkwatar cocinsa a Legas ko Akara ta aiko shi musamman. Wannan sai ya sami takardar ɗaukar nauyi daga wata ƙungiyar addini mai lasisin gwamnati, ya nuna ya iya Turanci, kafin a ba shi bizar ma'aikacin addini. Bizar ba ta ba shi damar karɓar taimakon gwamnati na marasa ƙarfi. Har ila yau akwai kuɗin asibiti da baƙi ke biya tun kafin su shigo, wanda daga watan Fabrairu na 2024 ya zama fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Ke nan magidanci mai mata da 'ya'ya uku zai biya fam 4,398 a kowace shekara ta zamansa, ban da kuɗin bizar kanta. Iri na biyu kuwa shi ne wanda karatu ko neman abinci ya kawo shi, akawu ko direban bas ko ma'aikacin jinya, daga baya coci ya naɗa shi ya ce ya buɗe reshe. Irin wannan yana aikin albashi da rana, aikin coci da dare da ƙarshen mako.

Yawancin rassan nan a falon gidan fasto suke farawa, da shi da matarsa da 'ya'yansa da abokai ƙalilan. In jama'a ta ƙaru sai a kama hayar zauren makaranta na 'yan sa'o'i, daga nan a nemi tsohon sito ko kanti ko gareji. A wasu gine-ginen masana'antu na bayan titin akan sami majami'u uku ko huɗu a gini guda, kowace da allonta a bakin ƙofa. Kuɗin haya daga baiko da zakkar 'yan coci yake fitowa. Cocin da ya yi rajista a matsayin ƙungiyar agaji yana iya karɓar ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar, amma dole ya riƙa kai lissafinsa ga hukumar da ke lura da ƙungiyoyin agaji. Ga kuma neman izinin hukumar gari na mai da sito wurin ibada, ga ƙarar maƙwabta a kan amon ganguna da lasifika da motocin da ke toshe musu ƙofa. Saboda haka mutumin da ya zo wa'azi yakan sami kansa yana kwana a kan cika takardu.

Makon iyalin yana da tsari sananne. Da asuba akwai addu'a, wadda yanzu sau da yawa ta waya ake yinta domin masu aikin dare su samu shiga. Tsakiyar mako akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, daren Jumma'a a wurare da yawa akan kwana ana addu'a, Asabar mawaƙa su yi gwaji, wasu su fita raba takardun wa'azi a bakin kasuwa. Ran Lahadi tun da sassafe ake jera kujeru a haɗa kayan sauti, kuma 'ya'yan fasto ne kan fara ɗaukar wannan aiki. Sujadar takan ɗauki awa biyu zuwa uku, a ƙare da cin abinci tare. Da damuna ko rani ba a maganar su a nan, sai hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ga tsadar ɗumama sito mai rufin kwano. Titin ba shi da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, don haka marasa mota bas suke bi.

Nauyin da ke kan matar fasto ba a cika faɗinsa ba. A gida Afirka da akwai ƙanne da surukai da maƙwabta masu kama mata raino da girki. A Landan babu su, kuma kuɗin mai raino ya fi ƙarfin yawancin baƙi. Sau da yawa albashinta ne ke riƙe gidan, domin tana aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi. Duk da haka ita ce shugabar zumuntar mata, ita ke lura da makarantar Lahadi, ita ake bugo wa waya in an yi haihuwa ko ma'aurata sun saɓa. 'Yan coci suna ce mata Mama, suna kuma sa ran ta yi musu abin da uwa ke yi.

In an duba aikin da iyalin ke yi daga Litinin zuwa Asabar, za a ga ya yi kama da wanda Hausawa suka sani a zango. A Kumasi ko Akara, baƙon da ya zo daga arewa yakan sauka wurin maigida, shi ya ba shi masauki, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya tsaya masa gaban hukuma, malamin zango kuma ya raɗa wa ɗansa suna, ya yi wa gawarsa salla. Faston Old Kent Road ya haɗa ayyukan nan biyu. Shi ke tarbar sabon zuwa, ya nema masa ɗakin haya, ya nuna masa lauyan da ya san dokar shige da fice, ya ziyarci marar lafiya da wanda aka tsare, ya tara gudummawa in za a kai gawa gida. Ƙidayar 2021 ta sami kimanin mutum 270,000 haifaffun Nijeriya a Ingila da Wales, don haka masu bukatar irin wannan hidima ba su da kaɗan. Musulmin Nijeriya ma a kan wannan titi suka kafa masallacinsu, suna yi wa nasu mutane irin wannan ɗawainiya.

Amma fa Turawan da aka zo dominsu ba su cika shigowa ba, kuma masu bincike da fastocin kansu sun yarda da haka. Akwai dalilai. Su Likita Miller sun shiga ƙauyuka da magani da makaranta, abubuwan da jama'a ke bukata ba su da su. A Ingila gwamnati ta riga ta ba da asibiti da makaranta kyauta, saboda haka waɗannan ƙofofi a rufe suke. Na biyu, 'yan mishan na da sai da suka yi shekaru suna koyon Hausa, koyon harshen kuwa ya tilasta musu koyon al'ada. Faston Nijeriya ya iso da Turancinsa, yana iya zaton ya san mutanen, alhali Baturen Ingila yana ɗaukar addini sirrinsa ne, ba ya son a tare shi a titi da wa'azi, doguwar sujada da yawan maganar baiko kuma suna korarsa. Na uku, matsayin ya bambanta. Bature ya je Afirka da ikon mulki a bayansa, shi kuwa baƙar fata ya zo ne a matsayin baƙo mai neman izinin zama.

Inda aka fi samun haɗuwa shi ne wajen ayyukan taimako. Majami'u da dama suna raba kayan abinci ga mabukata ba tare da tambayar addininsu ba, wasu suna shirya wa yara darasi bayan makaranta. A cikin 2003 Les Isaac ya fara wani shiri a Brixton inda 'yan coci ke fita titi da dare suna taimakon matasa da waɗanda suka bugu, shirin ya bazu cikin garuruwan Birtaniya. Kisan Damilola Taylor, yaro ɗan Nijeriya mai shekara 10, a Peckham cikin Nuwamba na 2000, ya nuna wa iyaye cewa abin da ke faruwa a titi ya shafe su kai tsaye.

Babbar jarrabawa kuwa tana cikin gidan fasto. 'Ya'yansa a Landan suka tashi, harshensu na Landan ne, a makaranta an koya musu su tambayi dalilin kowane abu. Uban ya taso inda ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga shi a ƙasar da dukan da ya bar tabo yana iya jawo ma'aikatan kula da yara har cikin falonsa. Scotland a 2020 da Wales a 2022 sun haramta dukan yaro ɗungum. Wasu 'ya'yan in sun girma sukan koma majami'un da suka haɗa kowane jinsi, wasu su bar zuwa gaba ɗaya, wasu kuma su buɗe nasu da Turanci zalla da gajeren wa'azi. Waɗannan na ƙarshe ne ke jawo abokansu Turawa da suka yi makaranta tare, abin da ya gagari iyayensu.

Titin kansa yana sakewa. Hukumar Southwark tana da shirin gina sababbin gidaje 20,000 a yankin, kuma an daɗe ana maganar kawo layin jirgin Bakerloo ta nan. Filayen da za a gina gidajen su ne na tsofaffin situna inda majami'u ke haya. Tsadar gidaje ta riga ta tura iyalai da yawa gabas, zuwa Thamesmead da garuruwan Kent da Essex, suna dawowa ran Lahadi kawai. Cocin da ya mallaki gininsa zai iya tsayawa. Mai haya kuwa, in mai gini ya sayar, sai ya kwashe kujerunsa ya bi jama'arsa inda suka koma.