Sauya Girman Tagar Manhajar Waya a Kan Kwamfutar Tebur: Abin da Yake Haifarwa ga Rubutun Hausa da Kanuri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke faruwa ga rubutu yayin da aka buɗe manhajar wayar hannu a kan kwamfutar tebur, sannan aka faɗaɗa tagarta ko aka tsuke ta. Abin da ake nufi da taga shi ne filin nan mai kusurwa huɗu da manhaja take bayyana a cikinsa a fuskar kwamfuta. An ɗauki Maiduguri a matsayin fagen misali, domin gari ne da ake amfani da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa yau da kullum, kuma Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana nazarin harsunan yankin. Za a nuna cewa girman taga yana iya taɓa ma'anar saƙo, don haka batun ya shafi masana harshe kamar yadda ya shafi injiniyoyi.

2.0 Hanyoyin Buɗe Manhajar Waya a Kwamfuta

Akwai manyan hanyoyi uku. Ta farko ita ce amfani da manhajar da ke kwaikwayon waya a cikin kwamfuta, irin BlueStacks da ta fito a 2011. Ta biyu ita ce wadda tsarin kwamfutar da kansa yake karɓar manhajar waya. ChromeOS ya fara karɓar manhajojin Android a 2016, kwamfutocin Mac masu ƙwaƙwalwar M1 suka fara buɗe na iPhone a 2020. Kamfanin Microsoft ma ya shigo da irin wannan tsari a Windows 11 a 2021, amma ya daina tallafa masa a watan Maris na 2025. Ta uku kuwa ita ce haɗa wayar da babban allo, kamar yadda Samsung DeX yake yi tun 2017.

Matsalar da ke tattare da dukkansu ɗaya ce. An ƙera yawancin manhajojin waya ne domin allo mai tsawo, siriri, alhali allon kwamfuta a kwance yake, faɗinsa ya fi tsawonsa.

3.0 Abin da ke Faruwa Idan an Ja Gefen Taga

Idan mai aiki ya kama gefen taga da linzamin kwamfuta ya ja, ɗayan abu uku ne zai auku. Ko dai manhajar ta sake shimfiɗa abin da ke cikinta daidai da sabon filin, ko ta miƙe kawai ba tare da sake tsari ba, ko kuma ta ƙi sauyawa, a bar ta tsaye da baƙin fili dama da hagu.

Tun daga Android 7.0 na 2016 aka bai wa maƙerin manhaja damar bayyana ko manhajarsa tana karɓar sauyin girma. Ana auna faɗin taga da ma'aunin dp, wanda yake daidai da ɗigo ɗaya a allon da ke da ɗigo 160 a kowane inci. Tagar da ba ta kai dp 600 ba ana ɗaukar ta ƙarama, daga 600 zuwa 839 matsakaiciya, daga 840 zuwa sama kuwa mai faɗi. A Android 16 na 2025, an fara yin watsi da takunkumin hana sauya girma a manyan alluna ga manhajojin da aka tsara dominsa. Ke nan rubutu zai ƙara yawan shiga tagogin da maƙerinsa bai yi tsammani ba.

4.0 Tasiri a Kan Rubutu

4.1 Tsawon kalma. Galibi da Ingilishi ake auna filin maɓalli. Kalmar Ingilishi ta "resize" haruffa 6 ce, amma "sauya girman taga" haruffa 15 ne. Idan taga ta tsuke, manhaja takan yanke ƙarshen rubutun ta sa ɗigo uku a madadinsa.

4.2 Korewa a Hausa. Korewar Hausa sau da yawa takan zo kashi biyu, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe. Alal misali, idan aka yanke "Ba shi ba ne" ya koma "Ba shi", mai karatu zai iya ɗaukar sa umarni ne na bayarwa, tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

4.3 Korewa a Kanuri. A nan hatsarin ya fi girma, domin aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma ɗafin korewa a ƙarshen aikatau yake. Kalmar "lengin" tana nufin ina tafiya ko zan tafi, "lenginba" kuwa kishiyar haka. Faɗuwar haruffa biyu kacal ta isa ta juya magana.

4.4 Ajami. Borno tsohuwar cibiyar rubutu da haruffan Larabci ce. Irin wannan rubutu daga dama yake farawa, don haka yankewarsa ta hagu take faruwa. Android ya tanadi juya tsarin shafi gaba ɗaya tun daga 4.2 na 2012, amma sai maƙeri ya kunna wannan dama kafin ta yi aiki.

5.0 Shawarwari

Na farko, manazarcin da ke kwafo bayanai daga manhajar waya ya faɗaɗa taga har sai ɗigo ukun nan sun ɓace kafin ya ɗauki jimla a matsayin hujja. Na biyu, mai fassara manhaja ya gwada fassararsa a girma ukun da aka ambata, ya kuma fifita korewa mai kashi ɗaya, irin "kada" da "babu", a wuraren da fili ya yi ƙaranci. Na uku, sassan harsuna su daidaita kalmomin fannin, kamar taga, faɗaɗa, tsuke, cika allo da naɗe taga, domin kada kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda manhajar waya take shiga kwamfutar tebur, da yadda tagarta take sauyawa, da kuma yadda ginin jimlar Hausa da na Kanuri suke sa yanke rubutu ya zama sauya ma'ana. Saboda haka ya kamata a riƙa sanya masanin harshe cikin gwajin manhaja tun kafin a sake ta ga jama'a.